Wata shida da Loop Habit Tracker a wayata

Bayan ƙaramar sallah likita ya auna jinina sau biyu, ya kwance abin awon daga hannuna, ya ce, "Malam, ya fara hawa. Kafin mu kai ga magani, ka rage gishiri, kuma ka riƙa tafiya a ƙasa ta minti talatin kullum." Na ce to. Ni malamin sakandare ne, babur ke kai ni aiki ya dawo da ni, ko shagon bakin layi ma a kansa nake zuwa. Na tsorata da maganar, don hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu shekara huɗu. Amma tsoron bai riƙe ni ba. Sati biyu na yi ina tafiyar, daga nan ta koma sai ranar da na tuna.

Na fara neman taimako da wata manhaja da ba zan kama sunanta ba, irin masu ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi. Na kai kwana 23. Sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyu, da na miƙe na buɗe waya na tarar lissafin ya koma sifili. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ji na yi kamar an share wahalar sati uku da tsintsiya ɗaya, na goge manhajar, na kuma daina tafiyar kusan wata guda.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ne ya karɓi wayata wata Juma'a ya ce, "Kawu, gwada wannan, ita ba ta yi wa mutum haka." Loop Habit Tracker ce ya sa mini. Kyauta ce a wayoyin Android, babu talla a cikinta, ba ta neman ka yi rajista, kuma tana aiki ko babu data. Fuskarta jerin abubuwan da kake son sabawa da su ne kawai, a gaban kowanne akwai gurbin kwanaki, ka yi abin ka taɓa gurbin. Kana iya cewa kullum ne, ko sau uku a mako, ko ka sa adadi kamar shafi nawa ka karanta.

Abin da ya sa na zauna da ita shi ne yadda take ba da maki. Tana nuna kwanakin da ka jera, amma ba su ta sa a gaba ba. Maki ne daga sifili zuwa ɗari, yana hawa a hankali duk ranar da ka cika, yana sauka kaɗan ranar da ka yi fashi. Da na yi kwana arba'in ina fita, makina ya kai 88. Sai muka tafi biki Gombe, kwana uku ban taka ko'ina ba, na dawo na ga 75. Na ji ba daɗi, amma 75 abu ne da mutum zai so ya kare. Washegari na fita.

Daga baya na gane wannan tsarin ya dace da abin da masu bincike suka gano. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan suka fitar da sakamakon bin mutum 96 na tsawon sati 12, kowa ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum, kamar shan ruwa ko motsa jiki. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar tana da faɗi, daga kwana 18 har zuwa 254. Kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ke nan kwana 21 da ake yawan cewa sun isa abu ya zama jiki ba ƙa'ida ba ce, kuma sifilin da ya karya mini gwiwa a waya kawai yake, a ƙwaƙwalwata kwanakin nan 23 suna nan.

Sai dai ba zan ba manhajar ladan da ba nata ba. A makonnin farko na sa ta riƙa tuna mini da ƙarfe biyar na yamma. Ƙararrawar takan buga ina tsakiyar duba takardun ɗalibai, ko ina majalisa ana hira, in kashe ta in ce anjima. Anjimar ba ta zuwa. Abin ya gyaru ne ranar da na daina ɗaura tafiyar a kan agogo na ɗaura ta a kan sallar asuba. Na ce wa kaina, in an sallame na sa takalmi a ƙofar masallaci, hagu zan yi maimakon dama. Dama gida ne. Hagu kuwa hanyar da ta bi ta bayan firamare, ta wuce mai ƙosai tana hura wuta, ta zagayo ta gidan mai. Har takalmin na canza, na daina zuwa masallaci da silifas.

Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi bayanin irin wannan dabara a 1999. Ya nuna cewa wanda ya ce "idan kaza ya faru zan yi kaza" ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "ina so in yi kaza", domin ya riga ya yanke shawarar tun kafin lokacin ya zo. Mu kuwa Allah ya hore mana turaku biyar a kowace rana da ba sa gocewa, ga alwala, ga fita, ga dawowa. Ban taɓa kallon su a matsayin wurin rataya wani aikin ba sai yanzu.

Akwai binciken da ya fi burge ni, na Ann Graybiel a jami'ar MIT ta Amurka. Ɓeraye ake sakawa a wata hanya mai rassa biyu, a ji ƙara, ƙofa ta buɗe, ɓera ya ruga ya sami cakulan a ƙarshen reshe ɗaya. Da farko wani sashe da ke can ƙuryar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira basal gangiliya, yana ta aiki tun daga farkon gudun har ƙarshe. Da ɓeran ya saba, sai aikin ya taru a farko da ƙarshe, tsakiyar ta lafa, kamar an ɗaure tafiyar gaba ɗaya a ƙunshi guda. Na ga irin wannan a jikina wajen wata na uku. Wata safiya ina ta tunanin jarrabawar 'yan aji uku, ban farga ba sai ga ni a gidan mai. Ban tuna lokacin da na juya hagu ba.

Wannan kuma ya fahimtar da ni abin da ya faru a Gombe. Lafiyata ƙalau, lokaci ma akwai, na yi asuba a jam'i. Amma wani masallaci ne, wata ƙofa ce, babu hagun da ƙafata ta sani. Sabo yana manne da wurin da aka yi shi. Yanzu in zan yi tafiya, tun daren da na sauka nake tambayar mai masauki hanyar da zan bi da safe.

Da damina ta kankama na amfana da damar tsallake rana. Ranar da aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai in sa alamar tsallakewa, makin ya tsaya inda yake. Ina ba da shawarar a riƙe wannan da gaskiya, don ba mai ganin ka sai Allah, kuma ranar kasala tana iya shigowa da rigar uzuri. Abu na biyu, bayananka a cikin wayarka suke zaune, wanda ni na ɗauke shi alheri, amma yana nufin ka riƙa fitar da kwafi kana ajiyewa lokaci zuwa lokaci. Ni duk ƙarshen wata nake yi.

Da na koma asibiti awon ya sauka, likita ya ce mu ci gaba a haka tukuna. Ban san nawa ne rabon tafiya nawa ne na rage gishiri ba, don uwargida ma ta tsaya tsayin daka a kan nata ɓangaren. Ita ce ma ta lura kwanan baya ta ce, "Malam, yau kwana huɗu ban ga ka taɓa abin nan naka ba." Gaskiyarta, ina fita, taɓawar ce nake mantawa.

Abu uku na rubuta a manhajar ranar farko, biyu ba su kama ba. Ɗaya na cire shi, don na ga ɗaukar uku a lokaci guda ya yi yawa. Ɗayan, karatun shafi goma kullum, yana nan a maki 31. Na rubuta shi ne da "da dare", kuma dare a gidanmu ba shi da tsayayyen fasali, wata rana baƙi, wata rana babu wuta, wata rana aikin gida na yara. Tun ranar Litinin na mayar da shi bayan la'asar, na ajiye littafin a kan kujerar da nake zama in cire takalmi in na dawo daga masallaci. Kwana huɗu ke nan, na cika uku.