Na'urar dasa makunnin harsashi: abin da hannuna ya shaida cikin shekara shida

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ya kira ni bayan sallar isha'i, ina zaune a zauren gidanmu cikin Birni, ya ce: "Kawu, na samu lasisin ƙungiyar harbi, kuma kuɗin harsashi ya fara yi mini nauyi, ina son in koyi sake cika kwanso kamar yadda kake yi a da. Wace na'urar dasa makunni zan saya?" Na yi shekara tara ina aiki kusa da birnin Liyon kafin in dawo Damagaram, shida daga cikinsu ina wasan harbin allo da izinin hukuma, saboda haka na ga ya dace in rubuta amsar a tsanake, ko za ta amfani wani ɗanmu da ke ƙasar da doka ta yarda da wannan aiki. A nan Nijar riƙe bindiga da harsashi sai da izinin hukuma, kuma tun da na dawo ban cika ko kwanso ɗaya ba. Na'urar tana cikin akwati tare da takardun aikina.

Abin da nake kira makunni shi ne ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ke tsakiyar gindin kwanso, wanda Faransawa ke ce wa amorce. Idan allurar bindiga ta buge shi, sai ya yi tartsatsin da ke kama albarushi. Iri biyu ne suka shahara, kuma duka biyun sun fito a 1866. Na Boxer, wanda wani hafsan sojan Ingila mai suna Edward Boxer ya ƙirƙiro, yana ɗauke da ƴar maƙerarsa a cikinsa, wato ɗan ƙarfen da ke tare bugun allurar har tartsatsi ya tashi, kwansonsa kuma rami ɗaya gare shi a tsakiya. Na Berdan, aikin Ba'amurke Hiram Berdan, maƙerarsa a jikin kwanso take, galibi da ramuka biyu ƙanana a gefenta. Mai sake cika kwanso da na Boxer yake hulɗa, domin shi ne ake iya turo tsohonsa waje cikin sauƙi, kuma girma biyu aka fi amfani da su: ƙarami mai faɗin milimita 4.45 da babba mai 5.33.

Aikin na'urar bai wuce ta tura wannan ɗan abu cikin gurbinsa ba, amma a nan ne duk wahalar take. Dole ya shiga a miƙe, ya taɓa ƙasan gurbin, ya tsaya ƙasa kaɗan da gindin kwanso, kamar kaurin takarda. Idan ya tsaya a sama, bugun farko na iya ƙarewa wajen ƙarasa tura shi, harsashi ya ƙi tashi, ko kuma ya tashi tun bindiga ba ta gama kulluwa ba, wanda shi ne mafi muni. Idan kuma aka matse shi fiye da kima, sinadarin da ke ciki ya farfashe. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan lokaci da yatsu ke jin makunnin ya zauna, kuma ni a wurina darajar kowace na'ura tana ga yadda take isar da wannan saƙo zuwa tafin hannu.

Da hannun da ke jikin babban injin matse kwanso na fara, tunda tare suka zo ban ƙara ko sisi ba. Ya yi aiki, sai dai an ƙera injin ne don ya tanƙwara tagulla, ƙarfinsa ya fi ƙarfin abin da ake nema, har mutum ya baje makunni bai ji komai ba. Bayan haka na sayi wata ƴar na'urar hannu mai araha wadda ba zan ambaci kamfaninta ba. Da ita na fara sanin daɗin ji a hannu, amma murfin farantinta na roba ya saki cikin ƴan watanni, makunni ya riƙa shiga a karkace, wata rana kuma ya zube mini a ƙasa, na yi kusan awa guda a durƙushe ina ƙirga har na cika ɗari, domin wannan ba abin da ake bari a ƙasan ɗaki ba ne.

Wadda na zauna da ita har ƙarshe ita ce ta kamfanin RCBS, samfurin Universal. Kamfanin na garin Orobil ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma Fred Huntington ya kafa shi a 1943. Abu na farko da ya ja ni shi ne ba ta buƙatar a sayi mariƙin kwanso daban ga kowane girman harsashi. Tana da muƙamuƙi biyu da ke buɗewa su kama gindin kwanso da kansu, ni kuwa da nake cika na ƙaramar bindiga da na doguwa, wannan ya rage mini neman ƙananan ƙarafa a aljihun teburi. Farantinta yana da faɗin da za a kife kwalin makunni ɗari a kansa gaba ɗaya, kuma zanen da ke cikinsa yana juyo su fuska ɗaya idan an girgiza a hankali, ba sai an taɓa su da yatsa mai gumi ko maiƙo ba.

Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne ƴar ƙofar ƙarfe da ke shiga tsakanin makunnin da ake matsawa da sauran da ke cikin faranti. Wanda bai taɓa ganin abin ba zai raina shi, amma makunni ɗaya idan ya tashi yana iya tayar da ƴan uwansa casa'in da tara a lokaci guda, a tazarar kamu ɗaya daga fuska. Kamfanin Lee ma, wani mai ƙera irin waɗannan kayan, a takardar tsohuwar na'urarsa mai zagayayyen faranti, ya iyakance irin makunnin da ya yarda a zuba a ciki saboda wannan dalili. Duk da ƙofar, ban taɓa matsa hannu ba tare da tabarau na kariya ba, kuma kullum bakin kwanso yana kallon bango. Bayan aiki sai wanke hannu da sabulu, domin yawancin makunni akwai sinadarin dalma a cikinsa.

Kowace na'urar hannu tana gajiyar da tafi, wannan halinsu ne baki ɗaya; ni ɗari biyu nake yi in tashi, domin idan hannu ya gaji jin nan yana dusashewa. Wani abokina dattijo da ciwon gaɓɓai ya kama ya koma ga irin wadda ake ɗaure wa a teburi, na kuma gwada tasa na ga tana da sauƙi da sauri, sai dai jera makunni cikin bututu, ɗaya bisa ɗaya, bai taɓa kwanta mini ba. Akwai kuma masu gasar harbin nesa da ke amfani da na'urar da ake ɗora wa makunni ɗaya-ɗaya, ana saita zurfinta da noti. Aikinta yana da kyau ƙwarai, amma ɗalibin da ke cika hamsin a mako ba ya buƙatarta.

Ranar Alhamis da na fito da na'urar don in duba kafin in yi rubutun nan, wani tsohon maharbi maƙwabcinmu ya shigo gaisuwa a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Dole. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya matsa hannunta sau uku, ya ce kakanninsa sun ba shi labarin maƙeran da suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa a garin nan, kuma duk ƙarfen da ba ya karkarwa a gaɓarsa maƙerinsa ya san aiki. Na ce: "Baba, shekara shida ta yi tana aiki." Ya ce ai hannu ya riga ya faɗa masa.

Ga abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata. Ya nemi dattawan ƙungiyarsu su ba shi na'urorinsu ya riƙe kafin ya biya kuɗi, domin tafinsa ya fi nawa ƙanƙanta kuma buɗewar hannun kowace daban take. Ya haska fitila cikin kowane kwanson da ya tsinta ya ware masu ramuka biyu, sannan kwanson soja da aka danne bakin gurbinsa sai an gyara gurbin tukuna. Idan ta RCBS ta zauna masa a hannu ya saye ta tare da tabarau a rana ɗaya, kuma ɗari na farko ya yi su a gaban wanda ya daɗe a aikin, yana shafa gindin kowane kwanso da yatsa kafin ya ajiye.