Littafin da Na Saya wa Autarmu a Wunti

A wani ɗan shagon tsofaffin littattafai da ke bakin kasuwar Wunti a Bauchi na tsinto shi, bangonsa duk ya lanƙwashe. Autarmu na saya wa, amma sai da na kwana biyu ina karantawa kafin na miƙa mata.

Labarin wata yarinya ce da aka yi rainonta a gidan mata masu zaman zuhudu, inda ban da addu'a ake koya mata haɗa guba da ɓoye wuƙa a hannun riga. Abin da ya riƙe ni shi ne tarihin da aka jingina labarin da shi: yankin Biritani na arewa maso yammacin Faransa, inda wata gimbiya mai suna Ana ta gaji sarautar mahaifinta a 1488 tana 'yar shekara 11, manyan fada kowa na neman aurar da ita don ribarsa. A 1491 ta auri Sarkin Faransa Charles na takwas.

Soyayyar ciki kam ta yi jan ƙafa, na tsallake shafuka. Turancin ma da ɗan nauyi ga 'yar sakandare.

Mai shagon ya kyauta, ya rage min kuɗi da na nuna masa shafin da ruwa ya taɓa. "Yaya, babu na biyunsa?" in ji auta jiya da daddare.