Sabon Gold Wing a Idon Mahayan Damagaram

Babur ɗin Honda Gold Wing ya fara fitowa a shekarar 1975, kuma sunan da ya yi a duniya ya samo asali ne daga iya ɗaukar mutum biyu da kayansu zuwa gari mai nisa ba tare da bayansu ya ƙage ba. A shekarar 2018 kamfanin ya sake masa ƙira daga tushe, kuma wannan sabuwar ƙirar ce ta raba kan mahaya gida biyu, har a nan Damagaram inda waɗanda suka taɓa hawansa tsiraru ne, amma masu muhawara a kansa a majalisun shayi ba sa ƙirguwa.

Abin da kowa ya yarda da shi, har da masu suka, shi ne cewa sabon ya fi tsohon daɗin tuƙi. An rage masa nauyi da kimanin kilo 40, an kuma matse jikinsa, duk da cewa injin yana nan da silinda shida a kwance, uku a dama uku a hagu, mai girman cc 1833. Kwanciyar injin a ƙasa ita ce ke sa babur mai kusan kilo 390 ya daina nauyi a hannu da zarar tayoyinsa sun fara juyawa.

Inda na fi jinjina wa maƙeran shi ne gaban babur ɗin. Sun cire sandunan nan biyu da muka saba gani suna riƙe da tayar gaba a kowane babur, tun daga na ’yan kabu-kabu har zuwa manya, suka maye gurbinsu da wani tsari mai hannuwa biyu irin na ƙafar mota, wanda ya raba aikin shanye gargada da aikin juya kai. Mahayi yana iya leƙawa ƙasan abin riƙo ya ga kawunan wasu ƙananan ƙarafa biyu suna ta rawa sama da ƙasa a kan kwalta mai faci-faci, alhali tafin hannunsa bai ji komai ba sai ɗan motsi kaɗan. Duk wanda ya san yadda hanyar Damagaram zuwa Maraɗi take gajiyar da kafaɗa, ta Takeita da Tasawa, zai gane cewa wannan gyara ya fi allon kwamfuta mai inci 7 da haɗin wayar salula da aka cika tallatawa amfani nesa ba kusa ba.

Giyar da ke canza kanta, mai hawa bakwai, wadda ake kira DCT, ta jawo surutu da farko, domin tsofaffin mahaya suna ganin cewa babur marar kulochi a hannun hagu bai cika babur ba. Da yawansu sun sassauto bayan sun gwada. Tana da wani tsari na tafiyar ƙafa, inda mahayi zai danna maɓalli ɗaya babur ya taka gaba sannu a hankali, ya danna wani ya ja da baya, kuma wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da ƙaton babur daga cunkoson bakin Kasuwar Dole ya san darajar wannan.

To sai dai rage nauyin nan bai zo kyauta ba, kuma a nan ne masu suka suke da gaskiya. Akwatunan tsohon suna cin kayan da suka kai kusan lita 150, na sabon kuwa lokacin da ya fito a 2018 lita 110 ne kacal, har ta kai ga akwatin baya ba ya iya ɗaukar manyan hulunan kwano guda biyu. Koke-koken mahaya sun yi yawa har kamfanin ya faɗaɗa akwatin daga lita 50 zuwa 61 a shekarar 2021, ya kuma gyara majinginar mai zaman baya. Duk da haka akwatunan gefe suna nan a lita 30 kowanne, kuma cikinsu a murɗe yake. A ƙasar da matafiyi ba ya zuwa gidan dangi hannu rabbana, inda dole a nemi wurin kilishi da alkaki da turmin atamfa na tsaraba, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Idan tsohon raƙumin fatake ne, to sabon dokin hawan Salla ne, mai kyan gani da saurin juyi, amma ba a ɗora masa mangala.

Tankin mai ma an rage shi daga lita 25 zuwa 21. Kamfanin ya kafa hujja da cewa sabon injin ya fi tsimin mai, saboda haka nisan da ake ci da tanki ɗaya bai sauya sosai ba, kuma lissafin yana kan hanya, tunda babur ɗin yana shan wajen lita biyar da rabi a kilomita 100. Wannan ya ishi mutum zuwa Maraɗi ko Kano a natse. Hanyar Agadas ta Tanut kuwa ta haura kilomita 400, don haka tilas a ƙara mai a hanya, kuma injin da kwamfuta ke fesa wa mai ba ya jure man kwalba na ’yan ruwa-ruwa idan an samu ƙura ko ruwa a ciki.

Akwai wasu abubuwan da mahayin Turai ba zai damu da su ba, amma mu sun shafe mu kai tsaye. Tsakanin cikin babur ɗin da ƙasa santimita 13 ne kawai, saboda haka tudun rage gudu na shigar ƙauyuka yana buƙatar a taka shi a karkace kuma a hankali, yashin lungunan Birni da Zango kuwa ba wurin shigarsa ba ne sam. Matatar iskarsa tana can binne a ƙarƙashin robobi masu yawa, sai bakanike ya ɓata sa’o’i yana kwancewa kafin ya kai gare ta, alhali hazon hunturu yana toshe ta da wuri. A gefe guda, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe take juya tayar baya, kuma wannan alheri ne a garin da rairayi ke cinye sarƙa. Na’urar ɗumama kujera da mariƙi tana ba mutane dariya a watan Afrilu, amma mai sammako a cikin ɗarin Janairu ba zai raina ta ba.

Farashin mai akwatin baya a Turai ya haura Yuro 30,000, wato abin da ya kai sefa miliyan 20 tun kafin a biya duwan. Wanda ya yi niyyar saye kuma yana tafiya da iyalinsa a baya, shawarata ita ce ya nemi ƙirar 2021 ko wadda ta biyo bayanta, sannan ya sayo matatar iska da tayoyi na ajiya tare da babur ɗin, domin tayarsa ta baya mai faɗin milimita 200 ba hajar da ake samu a shagunan kayan babur na gari ba ce.