Tura log zuwa MongoDB Atlas: kai tsaye ko ta Fluent Bit?

Log shi ne saƙonnin da manhaja ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta, Atlas kuma rumbun bayanai ne na MongoDB da ke kan intanet. Hanya biyu ce ta tura log can. Ta farko, manhajarka ta riƙa jefa kowane saƙo kai tsaye cikin Atlas a matsayin JSON (wani tsarin rubuta bayanai), haɗawa ba wuya, layi kaɗan na kod ka gama. Matsalar ita ce ranar da netwok ya yanke ko rumbun ya yi nauyi, sai ka ga mai amfani ya danna maɓalli shafi na ta juyawa saboda manhaja na jiran log ya shiga, kuma saƙon da ka fi buƙata, na lokacin da abu ya lalace, shi ne zai ɓace.

Ta biyu, manhaja ta rubuta a fayil kawai, Fluent Bit (ƙaramar manhajar kwasar log da turawa) ya kwashe, ya tara, ya miƙa wa wata ƙaramar sabis da ke zubawa cikin Atlas dami-dami, in netwok ya yanke ya ajiye a diski ya sake gwadawa. Akwai ƙarin aiki kam, amma gaskiya ni ita nake bi in manhaja tana da mutane.

Ko wacce ka ɗauka dai ka sa TTL (wa'adin da in ya cika rumbun ke goge bayani da kansa) ya riƙa goge tsofaffin log, don Atlas na kyauta 512MB ne kacal.