Ganyen Gwaza Da Furen Wardi: Me Ya Sa Ɗigo Ɗaya Yake Gangarewa, Ɗayan Kuma Yake Maƙalewa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mai noman kabeji a wajajen Bukuru, ya ce ya lura ruwa yana dunƙulewa a kan ganyen gwaza, haka ma a kan furen wardi, amma na gwaza da zarar an ɗan karkata ganyen sai ya gangare, ƙaramin ɗigon da ke kan wardi kuwa ko an kifar da furen yana nan maƙale. Yana so ya san dalili, da kuma wanda ya fi saurin bushewa. Malam, amsar ta shafi feshin da kake yi a gona kai tsaye.

Masana suna auna kusurwar da gefen ɗigo yake yi da abin da ya zauna a kai. Idan ta haura digiri 90, abin yana ƙin ruwa; idan ta haura 150, ƙiyayyar ta kai matuƙa. Gwaza da wardi duka suna kaiwa wajen 150, shi ya sa ido yake ganinsu iri ɗaya. Bambancin yana ƙarƙashin ɗigon, inda ido ba ya kaiwa.

Fuskar ganyen gwaza cike take da 'yan ƙananan tudu masu ɗauke da ƙwayoyin kakin da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka ruwan ba ya shiga tsakaninsu, sai ya zauna a kan kawunansu kamar tukunya a kan duwatsun murhu, iska tana ƙarƙashinsa. Wasu masana biyu, Cassie da Baxter, ne suka yi bayanin wannan yanayi a 1944, suna bincike a kan ulu da yadi a birnin Leeds na Ingila. Da yake wurin da ruwan ya taɓa ganyen kaɗan ne, babu abin da zai riƙe shi, kuma idan ya gangara yakan kwashe ƙura ya tafi da ita, kamar yadda Barthlott da Neinhuis na Jami'ar Bonn ta Jamus suka nuna a 1997 a kan ganyen lotas, wani tsiron ruwa mai kama da bado.

Furen wardi ma yana da tudu, sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta fi faɗi, ruwan yana nutsewa cikin manyan kwaruruka ya kama su gam. Wannan ya fi kusa da abin da wani masani, Wenzel, ya bayyana a 1936, inda ya nuna cewa kaushi yana ƙara ƙarfin halin da fuska take da shi tun asali, na son ruwa ne ko na ƙinsa.

A wajen bushewa ne bambancin ya fi bayyana, kuma a ganina nan ne manomi ya kamata ya fi sa ido. Picknett da Bexon sun nuna a 1977 cewa ɗigo yana ƙafewa ta hanya biyu. Wanda ya maƙale, irin na wardi, gefensa ba ya motsi, yana ta lotsawa daga sama har ya zama fale-fale, kuma tun da faɗinsa bai ragu ba, yakan riga ɗayan bushewa. Yayin da yake ƙafewa, ruwan ciki yana malalowa zuwa gefe ɗauke da duk abin da ke cikinsa, sai ya bar zobe irin wanda ɗigon shayi yake bari a kan tebur. Wanda ke zaune a kan iska kuwa, irin na gwaza, yana riƙe da siffarsa, yana tsukewa daga kowane ɓangare, ya fi daɗewa domin iskar da ke ƙarƙashinsa ba ta isar masa da zafin ganye sosai, kuma abin da ya ɗauko a wuri guda yake taruwa. Sai dai zaman nasa ba tabbatacce ba ne: gwargwadon ƙanƙancewar ɗigo, gwargwadon ƙaruwar matsin da ke cikinsa, har yakan iya kore iskar ya nutse cikin kaushin, kuma da wuya ya sake ɗagowa.

Ganyen kabejinka, da wannan farin kakin da yake gogewa idan ka shafa shi da yatsa, ya fi kusa da gwaza, shi ya sa magani mai tsada yake zubewa ƙasa. Abin da kake bukata shi ne ɗigon da zai baje ya kama ganye, kuma aikin ke nan na sinadarin da ake gauraya wa maganin feshi domin ya rage dunƙulewar ruwa. Ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, domin idan ya yi yawa maganin yakan tsiyaye, wani lokaci ma ya ƙona ganye. A lokacin hunturu kuma, da iskar Jos take bushewa ƙayau, ka yi feshi da yamma ko da safe bayan raɓa ta ɗauke, kada ƙananan ɗigon su ƙafe tun kafin su sauka a kan ganye.