Rangadin harabar Black Mountain: shin ya cancanci wahalar zuwa?

Kwalejin Black Mountain makaranta ce da ta yi suna wajen koyar da fasahar zane, kiɗa da rawa. Gidan adana tarihinta da ke birnin Asheville, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, yana shirya rangadi da ɗan jagora zuwa gaɓar tafkin Lake Eden, inda kwalejin ta zauna daga 1941 har aka rufe ta a 1957. Ra'ayina shi ne rangadin ya cancanci lokacin mutum, amma da sharaɗi: kada ya je yana tsammanin ganin zane-zane a rataye ko gine-gine masu ƙayatarwa, domin abin da zai tarar ɗakuna ne na katako da dutse waɗanda ba za su ɗauki hankalin wanda bai san labarinsu ba.

John Andrew Rice da abokansa ne suka kafa makarantar a 1933, bayan an sallame shi daga Kwalejin Rollins ta Florida, kuma a shekarar ne masu fasaha Josef da Anni Albers suka iso daga Jamus bayan matsin 'yan Nazi ya sa an rufe makarantar fasaha ta Bauhaus. Malamai ne ke da makarantar ta Black Mountain, su ke tafiyar da ita, sannan ɗalibi kan yi noma da aikin gini kamar yadda yake shiga aji.

Inda wannan tsari ya fi fitowa fili shi ne dogon ginin karatu da ke kallon tafkin, wanda a wurina shi ne ƙashin bayan rangadin. Tun farko masu tsara gine-gine Walter Gropius da Marcel Breuer aka nema su zana sabuwar harabar, amma da kuɗi suka gagara sai aka koma ga tsarin A. Lawrence Kocher, wanda waɗanda ba magina ba za su iya ginawa, kuma ɗalibai da malamai suka ɗebo duwatsu suka tayar da shi da hannuwansu tsakanin 1940 da 1941. Idan mutum ya matsa kusa, zai ga jikin ginin lulluɓe da faifai masu tudu da kwari irin na kwanon rufi, da jerin tagogi da ke nuna ƙananan ɗakunan da aka ware wa kowane ɗalibi don karatunsa. A ƙarƙashinsa, jikin ginshiƙan siminti, akwai zanen bango guda biyu da Jean Charlot ya yi a 1944. Iska da danshi sun ci launinsu, sai an tsaya an ƙura ido kafin siffofin su fito. A nan ya kamata baƙo ya daɗe, ko da ayarin ya yi gaba.

Zauren cin abinci kuwa, da barandarsa a bakin ruwa, sunansa ya fi ganinsa. A cikinsa ne mai tsara kiɗa John Cage ya shirya wani shahararren wasa a 1952 da ya haɗa kiɗa da rawa da karatun waƙa a lokaci guda, tare da ɗan rawa Merce Cunningham da mai zane Robert Rauschenberg, amma yau zaure ne kawai na teburori da kujeru, don haka komai ya dogara da bakin ɗan jagora. Haka ma filin da mai ƙirƙira Buckminster Fuller ya yi ƙoƙarin tayar da ƙubbarsa a 1948 da siraran ƙarafan labulen taga ta ƙi miƙewa, sai a shekarar da ta biyo baya aka yi nasara.

Akwai labarin da nake ganin ya kamata baƙo ya tambaya da kansa, wato na Alma Stone Williams, baƙar fata ta farko da ta yi karatu a nan a 1944, shekara goma kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, kuma a yankin Kudu inda hakan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Babban cikas ɗin shi ne harabar ba ta jama'a ba ce. Wani ɓangarenta sansanin hutun yara maza ne mai suna Camp Rockmont, saboda haka ba a shiga yadda aka ga dama, kuma dole a nemi gurbi tun da wuri. Tafiyar ta ƙafa ce a kan tsakuwa da ciyawa, ana buƙatar takalmi mai kyau. Shawarata ita ce a fara da gidan tarihin na Asheville, wanda aka kafa a 1993, a ga hotuna da ayyukan mutanen makarantar, sannan a kama hanyar tafkin, wadda ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba.