'Yar na'urar duba injin da ta hana a buɗe mini kan Corolla

Tun watan azumi wutar cek ɗin nan ruwan ɗorawa take kunne a Corolla ɗina ƙirar 2004, har na daina ganinta. Bakaniken garinmu ma cewa ya yi in na ga dama ya liƙe mini ita da baƙin salatif. Abin da ya tayar mini da hankali allurar zafi ce. Ranar wata Alhamis na tashi daga Gumel zan shiga kasuwar Maigatari, a kan kwalta lafiya lau, allura ma can ƙasa take kwance. Ina shiga cunkoson motocin shanu sai ta fara hawa, kafin in sami wajen rakuɓewa ta kusa taɓa ja, ruwa yana ɓararraka a robar gefen lagireto. Awa guda na yi a gindin darbejiya ina jira ta huce, don na taɓa ganin yadda murfin lagireto ya yi wa wani direba a fuska.

Da na kai gareji, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce, "Malam, gaskit ne ya ƙone, sai an buɗe kai." Ya lissafo kayan da za a sayo daga Ƙofar Ruwa, na ji kaina ya sara.

Ɗan yayata da ke karatu a Kano shi ya zo mini da 'yar na'urar nan ta OBD2, wadda ba ta wuce akwatin ashana biyu ba. Gaskiya na raina ta. Ya ce, "Kawu, bari dai mu ji ta bakin motar." Ya durƙusa ya cusa ta a wani soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda shekara shida ina tuƙa motar ban san da shi ba, ya haɗa ta da wayarsa ta Bluetooth.

Lamba biyu ta fitar. P0420, wai ta indomin salansa ce, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta, wanda dama na san an ƙwaƙule shi tun kafin motar ta zo hannuna. Ta biyun, P0128, ita ta sa na ce a jefar da abin: wai injin ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata! Motar da ta kusa dafa ni a Maigatari? Sai yaron ya tambaye ni ko an taɓa cire mata tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗauki zafi. Na yi shiru. Bara wannan bakaniken ya cire shi ya jefar, ya ce kayan ƙasar sanyi ne, ba na Jigawa ba. Ashe shi ya sa a kan hanya ruwa yake ta zagayawa ba birki, injin yana sanyi, mota tana shan mai kamar raƙumi.

Daga nan muka bar ta a silo muna kallon lambar zafi a waya. 85, 92, 97, har 104, fanka ko motsi ba ta yi ba. A da ina jin tashinta tun allura ba ta wuce tsakiya ba. Mai gyaran wutar mota ya zo ya sa fitilar gwaji, minti goma bai cika ba ya zaro wani ɗan rile daga akwatin fis, ya sa wani, fanka ta ɗauka. Kan inji yana nan ba a taɓa shi ba.

To, amma kada wani ya ɗauka boka ya saya. Ba na'urar ce ta ce fanka ba, mu muka tsaya muka kasa kunne. Ba ta san lagireto na ya cika da tsatsa saboda ruwan rijiyar da nake ɗura masa ba, sai da aka wanke na ga abin da ya fito kamar kunun kanwa. Wutar ABS ta birki da ita ma take kunne ko kallonta ba ta yi ba. Maƙwabcina mai Golf 3 na haya ya roƙa, muka yi ta fama, ta ƙi magana da motarsa sam. Komai kuma da Turanci take faɗa, Turancin ma na injiniyoyi, in ba yaro a kusa sai dai ka yi ta kallon lamba. Na goge wutar cek ina murna, kwana uku ta dawo, tunda indomin bai dawo ba. Mafi ciwo, na bar ta a maƙale na yi tafiyar kwana goma, na dawo sai da yaran unguwa suka tura ni, domin soket ɗin nan yana da wuta ko an zare makulli.

Duk da haka tana cikin aljihun dashbod, ba na ba da aronta. Na mayar da tamostat, allura tana zama daram a tsakiya ko a kwalta ko a cunkoso. Bakaniken har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Malam, gaskit ɗin nan fa yana nan yana jiranka."